Mu Fa, Muna Ina a Shekarar 1492?

Gabatarwa

Ni mutumin Sabon Wuse ne, garin da ke bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Suleja a Jihar Neja. Gbagyi shi ne harshen da na sha a nono. Hausa kuwa a waje na tsince ta, a filin ƙwallo da bakin titi inda mahaifiyata ke kasa doya, kafin daga baya na zo jami'a na ɗauke ta a matsayin fannin karatuna. Na faɗi wannan tun farko ne domin mai karatu ya san daga inda nake hangen abin da zan ba da labari. In kuma ya ci karo da gwaranci a wani wuri, to ya yi mini afuwa, nawa na gado ne, ba aro na yi ba.

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani aiki. Ya ce kowa ya zaɓi shekara ɗaya tak daga ƙarnukan da masana tarihi ke kira tsakiyar zamani, wato kafin 1500, ya binciko abin da ya faru a duniya a cikinta ta fuskar yaƙi da sarauta da siyasa, sa'annan ya rubuta da Hausa ba tare da cusa kalmar Ingilishi ko ɗaya ba. Wasu suka zaɓi 1324, shekarar hajjin Mansa Musa. Wasu suka ɗauki 1258, lokacin da Mongolawa suka ci Bagadaza. Ni kuwa na zaɓi 1492, kuma gaskiya don lalaci na zaɓe ta, saboda tun a firamare na haddace cewa a cikinta Kolombos ya isa Amurka. Na zaci shafi biyu zai wadatar. Ashe na ɗebo ruwan dafa kaina ne.

Abin da ya faru a Andalus

Shekarar 1492, wadda mafi yawanta ya faɗo cikin 897 ta Hijira, ta buɗe ne da faɗuwar daula. Ranar 2 ga Janairu, Sarki Muhammadu na 12, wanda aka fi sani da Abu Abdullahi, ya miƙa birnin Garnada ga Sarki Fadinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastil, bayan yaƙin shekara 10. Wannan ya kawo ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus, wanda ya faro tun 711. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Nuwamban 1491 ta yi alkawarin barin Musulmi da masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu. Alkawarin bai yi ƙarko ba, domin a 1502 an ba Musulmin Kastil zaɓi biyu, ko su sauya addini ko su bar ƙasar. Shi kansa Abu Abdullahi ya ƙetare teku zuwa Maroko a 1493.

Ranar 31 ga Maris, a wannan birni na Garnada, sarakunan biyu suka sa hannu a dokar korar Yahudawa. An ba su wa'adin wata huɗu, zuwa ƙarshen Yuli, kuma an hana su fita da zinariya ko azurfa. Dubban mutane suka sayar da gidaje da gonaki a wulaƙance, wasu suka nufi Fotugal, wasu Arewacin Afirka, wasu kuma daular Turkawa inda Sarki Bayazidu na 2 ya karɓe su. Abu ɗaya ne ba a iya ƙwace musu a bakin jirgi ba, shi ne harshe. Jikokinsu sun ci gaba da magana da tsohon Sifaniyanci a Istambul da Salonika har cikin ƙarni na 20.

Ranar 3 ga Agusta, Kolombos ya tashi daga tashar Palos da jiragen ruwa uku da mutane kamar 90. Ranar 12 ga Oktoba suka sauka a wani tsibiri na Bahamas da mazaunansa ke kira Guwanahani. Wani abin da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, shi ne tafintan da ya tafi da shi, Luis de Torres, Ibrananci ya iya da ɗan Larabci, saboda sun yi zaton Asiya za su. Da tafinta ya kasa, sai Kolombos ya kama wasu daga cikin mutanen tsibiran, ƙabilar Taino, ya tafi da su domin su koyi harshensa. Abin da ya gani a wannan rana yana rubuce. Abin da su suka gani, babu wanda ya rubuta da bakinsu.

Nahawu da takobi

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai ba yaƙi ba ne. A watan Agustan wannan shekara, a birnin Salamanka, aka buga littafin nahawun harshen Kastil wanda Antonio de Nebrija ya rubuta. Shi ne nahawu na farko da aka buga na wani harshen Turai da talakawa ke magana da shi, domin kafin nan Latin ne ake ganin ya cancanci nahawu. Ya sadaukar da shi ga Sarauniya Isabela, kuma a gabatarwarsa ya nuna mata cewa harshe da mulki tare suke tafiya, duk al'ummar da aka ci da yaƙi za ta buƙaci koyon harshen wanda ya ci ta. A yau yawancin ƙasashen da ke kudu da Amurka, tun daga Meksiko har Ajantina, da wannan harshe suke magana. Idan muka kwatanta da namu, nahawun Hausa na J. F. Schön a 1862 ya fito, wato shekara 370 bayan na Nebrija.

Sauran Turai ma ba a zaune take ba. A Afrilu Lorenzo de Medici, mai juya birnin Fulorens, ya mutu. A Agusta aka zaɓi Rodrigo Borgia ya zama Fafaroma Alekzanda na 6. A Oktoba Sarki Henri na 7 na Ingila ya ƙetara da runduna Faransa ya kewaye garin Boulogne, amma a farkon Nuwamba aka sasanta, Faransa ta yarda ta biya shi kuɗi ya koma gida. A Masar kuwa Sarki Ƙaitbai ne ke kan gado, shekara ɗaya bayan ya yi sulhu da Turkawa, kuma babban malamin nan Jalaluddin Suyuɗi yana raye a Alƙahira yana rubutu.

Gawo da Kano

Da na juyo gida Afirka ta Yamma, sai na tarar nan ma shekarar ta girgiza ƙasa. A Nuwamban 1492 Sonni Ali, sarkin Songhai wanda ya hau mulki a 1464 ya ci Tambutu da Jenne, ya mutu a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi. Ɗansa Sonni Baru ya gaje shi, amma bai daɗe ba, domin a Afrilun 1493 wani babban kwamandan mahaifinsa ya ci shi da yaƙi a Anfawo kusa da Gawo, ya zama Askiya Muhammadu. A nan na fara lura da wani abu. Sonni Ali ya ƙuntata wa malaman Tambutu, su kuwa malaman Tambutu su ne masu alƙalami. Saboda haka a littattafan tarihin da suka fito daga hannunsu azzalumi ne fajiri, Askiya kuma adali. Wanda ya ɓata wa marubuci rai, ya ɓata wa kansa suna har abada.

A Kano, Muhammadu Rumfa ne sarki, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Littafin tarihin Kano ya lissafa masa abubuwa 12 da ya fara, daga ciki akwai gina Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa, da majalisar Tara ta Kano, da kakaki da figini. A zamaninsa ne kuma aka yi yaƙin shekara 11 tsakanin Kano da Katsina ba tare da wani ya yi galaba ba. A daidai wannan lokaci ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili, mutumin Tilimsan, ya iso Kano. Kafin zuwansa ya jagoranci wani yunƙuri a Tuwat, cikin Sahara, wanda ya kai ga rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit. A Kano ya rubuta wa Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, yadda za su tsara fada, su tsare adalci, su tara dukiyar baitulmali ta halal, su kuma kashe ta inda ya dace. Daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya. Wato a lokacin da Nebrija ke rubuta wa sarauniyarsa ƙa'idojin harshe, wani malami na rubuta wa sarkin Kano ƙa'idojin mulki.

Na haɗa wannan duka a shafi tara, na miƙa. Malam ya yaba, ko da yake ya gyara mini jinsi a wuri bakwai, inda na mayar da mace namiji. Na tafi hutu ina jin na ƙure shekarar 1492.

Tambayar Kaka

Wata rana da daddare a gida, an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, kakata ta wajen uba tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in gaya mata abin da ake koya mana da har ake biyan kuɗi don mutum ya karanta harshen da ake ji kyauta a kasuwa. Na ɗauko takarduna na haska fitilar waya, ina karantawa da Hausa ina mayar mata da Gbagyi. A nan na gane Gbagyina ya yi gajarta. Kowace jimla sai na toshe rami biyu ko uku da Hausa, ita kuwa tana dariya tana gyara mini.

Labarin jiragen ruwa bai dame ta ba. Amma da na zo kan mutanen da aka ba wata huɗu su bar ƙasar haihuwarsu, sai ta ajiye ƙwarya.

"Kaburburan iyayensu fa? Sun tafi da su?"

Na ce, "A'a, Kaka, ai ba a ɗaukar kabari."

Ta ce, "Mu ma ba mu ɗauki namu ba."

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ta ce, "To, ɗan boko, ka faɗi na Kano, ka faɗi na masu jirgi. Mu fa, muna ina a wannan shekara taka?"

Na juya takardu tara, babu mu a ciki. Abin kunyar shi ne, tsawon makonnin da na yi ina bincike, tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba.

Ya kamata in yi wa mai karatu gwari-gwari kan dalilin da ya sa kakata ta yi maganar kaburbura. Ita ba a Sabon Wuse aka haife ta ba. A Wuse ta asali ta yi aure, inda a yau babbar kasuwa da manyan unguwannin Abuja suke. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar samar da sabon babban birnin tarayya, kwana 10 kafin a kashe shi. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin Abuja kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da aikin gini ya kankama, aka kwashe mutanen Wuse zuwa wannan wuri da muke a Jihar Neja. Ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja. Sunan Wuse ya zauna a can tare da kwalta da benaye, mutanen Wuse kuwa aka ƙara musu "Sabon" a gaba.

Waɗannan ranaku duk a littafi na same su. Kakata ba ta san ko ɗaya ba. Abin da take cewa shi ne "shekarar da aka tashe mu, ina goye da babanka." Amma ta san abin da littafin bai sani ba. Ta san sunan rafin da suke ɗibar ruwa, da inda ake haƙar yumɓun tukwane, da gidan da ke bin gida, da tsohuwar da ta ƙi hawa mota sai da aka ɗauke ta, da yadda doyar shekarar farko ta ƙi a sabuwar ƙasa.

Neman kanmu a takarda

Da aka koma makaranta na sake shiga ɗakin karatu, wannan karon ina neman mu. Wurin da na fara cin karo da sunanmu kowane ɗalibin Hausa ya san shi, wato jerin Banza Bakwai, inda Gwari ke zaune tare da Nupe da Yawuri da Kwararrafa da sauransu. Ranar da aka koyar da wannan darasi a aji ɗaya, abokaina sun juyo suna kallona suna dariya, ni ma na yi dariyar, ko da yake ba ta kai ciki ba. Sai kuma littafin tarihin Kano, wanda ya ba da labarin yadda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, kafin Rumfa, Galadima Dawuda ya riƙa kai hari ƙasashen kudu yana aiko da bayi dubu-dubu. Mutanen kudun nan ba su da suna a littafin, adadi kawai gare su. Daga nan sai labarin Haɓen Zazzau da suka baro Zariya a zamanin jihadi, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828 a tsakiyar ƙasar Gbagyi da Koro. A 1909 kuwa wani jami'in mulkin mallaka, Edgar, ya buga wani nahawun harshenmu, mutumin nan da ya tattara tatsuniyoyin Hausa.

Sai na lura cewa shi kansa littafin tarihin Kano ba a zamanin Rumfa aka rubuta shi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi da Larabci, kuma cike yake da kirari da labaran da aka gada daga baki zuwa baki. Ke nan abin da muka sani game da Rumfa ya daɗe yana yawo a bakin maroƙa da dattawan fada kafin wani ya zauna ya rubuta. Bambancin Kano da Wuse ba wai ɗaya na da tarihi ɗaya ba shi da shi ba ne. Kano ta samu wanda ya ɗauki alƙalami tun tsofaffin na raye.

Amsar da na samu a gona

Duk da haka, shekarar 1492 ba ta wuce mu ba, a tukunya ta same mu. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali da gwanda da abarba da taba, duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma bayan tafiyar Kolombos ne suka bazu zuwa Afirka. Da na koma gida na gaya wa Kaka cewa gyaɗar da take ɓara baƙuwa ce, ta yarda da ƙyar. Amma kan barkono ta ƙi sam.

"To da me iyayenmu suke miya?"

Na ce da masoro da kimba da citta. Na lissafa mata abin da yake namu tun fil azal, wato doya da dawa da gero da acca da wake da kuɓewa. Ta ce, "Ka ga ni, ka amsa tambayar da kanka. Muna nan muna noman doya." Na so in ce mata wannan ba hujja ba ce a wurin masana, sai na tuna ni da hujjojina shafi tara na cika ban ambace mu ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Tekun da ya kawo masara shi ne ya kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 12 zuwa bauta a ƙarnukan da suka biyo baya. Su ma yawancinsu adadi ne a takardun 'yan kasuwa, kamar mutanen kudun da Galadima Dawuda ya kamo.

Kammalawa

Abin da na koya daga wannan aiki shi ne, tarihin kowace shekara rabo ne na waɗanda aka rubuta maganarsu. A 1492 an san ranar da Garnada ta faɗi, an san watan da Sonni Ali ya mutu, an san shawarar da aka ba Rumfa. Wannan shekara ta riga ta kuɓuce wa mutanen Wuse, ba mai dawo mana da ita. Amma shekarar da aka tashe su ba ta kuɓuce ba tukuna, tana zaune a tsakar gidanmu tana ɓarar gyaɗa, sai dai ta tsufa.

Saboda haka na sayi littafin rubutu mai kauri. Duk hutu ina zama da Kaka da sa'o'inta biyu da suka rage a unguwarmu, ina naɗar muryarsu a waya, sa'annan in rubuta da Gbagyi a shafin hagu, fassarar Hausa a shafin dama, in sa kwanan wata a sama. Darasin karin sauti da tsarin sauti da nake ƙorafi a kansu su ne yanzu ke taimaka mini wajen rubuta harshen uwata. A da ina jin kamar karatun Hausa juya wa Gbagyi baya ne, musamman in aka tsokane ni da cewa Bagwari ya zo koya wa Hausawa Hausa. Yanzu na gane alƙalami na zo karɓa, kuma alƙalami ba ya tambayar ƙabilar mai riƙe da shi.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, da yawa daga cikinmu a wannan sashe ba Hausa muka sha a nono ba. Akwai Nufawa da Barebari da Fulani da Bajju da Angasawa. Su ma Hausawan cikinmu, ba kowa ne ya fito daga gidan da aka rubuta tarihinsa ba. Kowa na da tsoho ko tsohuwa a gida da ke riƙe da wata shekara, ta yunwa ko ta fari ko ta ƙaura ko ta yaƙin basasa. Mu je mu tambaye su tun suna iya amsawa, mu rubuta da bakinsu, mu sa rana da wata da shekara. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

A shafin farko na littafina, Kaka ta sa na rubuta sunayen gidajen tsohuwar unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin rafi zuwa gindin dutse. Mun kai gida na 23 ta ce ta gaji, sai wani hutun. Allah ya kai mu, ya kuma ƙara mata lafiya.